Likita Mainasara da Maganin da Bai Sha Ba

A ƙauyukan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, in ka ji an ce "Likita" ba a ƙara suna a kai ba, Mainasara ake nufi. Mutumin Dingyaɗi ne, ɗan manomin albasa. Shi kaɗai aka sa boko a gidansu, kuma ba don an hango wata ƙwaƙwalwa tare da shi ba. Yaro ne siriri mai yawan tari, in aka ba shi ƙwaryar ban ruwa a fadama, kafin ya shayar da fangali uku ya zauna yana haki. Babansa ya dube shi wata rana ya ce tunda ba shi da amfani a lambu, a kai wa gwamnati kayanta. Shi da kansa yakan ba da labarin nan yana dariya, tun lokacin da bakinsa bai karkace ba.

Ya yi karatu, ya zama likita, aka tura shi wani ƙaramin asibiti a ƙasar Shagari, ya shekara ashirin da huɗu a can. Yawancin shekarun nan shi kaɗai ne likita a wurin. Shi ke duba yara, shi ke ɗinke wanda babur ya kayar a hanyar Kajiji, shi ke shiga tiyata in haihuwa ta zo da gardama. Ba mutum ne mai daɗin baki ba. Yana da saurin faɗa, ba ya son doguwar gaisuwa, kuma ransa na ɓaci in aka kawo masa majinyaci bayan an gama jiƙe-jiƙe da hayaƙi a gida. Amma hannunsa yana da kyau. Matan da ya yi wa aiki sukan nuna wa juna ɗinkin a gidan biki, kowacce tana cewa nata ya fi ɓacewa.

Yana da aboki tun ajin farko na jami'a, Dakta Khalid, wanda ya tattara ya koma Saudiyya da aiki. Sau uku Khalid yana samar masa gurbi, sau uku yana ƙi. Yakan ce in kowa ya tafi, wa zai tsaya? Gaskiya yake faɗa, sai dai kuma yana jin daɗin faɗar, don ya san ana yaba masa a kai.

Babban yaƙin da ya sa a gaba shi ne hawan jini. Ya gaji da ganin magidanta masu ƙarfi ana kawo su a kwance, ɓarin jiki ya mutu, ana cewa iska ce ta buge su. Sai ya kafa doka: duk babban da ya shigo ofishinsa, ko ciwon haƙori ya kawo, sai an ɗaura masa abin awo a dantse tukun. Ya ware ranar Alhamis don masu hawan jini kawai. Da mutum bakwai aka fara. Bayan shekara goma, sai ka tarar da mutum sittin ko fiye a ƙarƙashin bishiyar bedi ta asibitin, kowa da katinsa a hannu. Yana yi musu faɗa a kan gishiri da dunƙulen miya, yana ƙirga ƙwayoyin da suka rage a ledar kowa don ya gane wanda ke tsallake kwana. In ya kama ka, sai ka gwammace a mare ka.

Shi kuwa yana da shekara arba'in da bakwai ya auna kansa ya ga nasa jinin ya hau. Ya fara shan magani yadda ya kamata. Shekara uku yana sha, sannan ya fara sakaci. Ƙwayar tana kumbura masa ƙafa, ga tsayuwar tiyata, ga shi ba ya jin ciwon komai. Yau ya manta, gobe ya ce sai ya ci abinci, jibi ya ce ai shi ya san jikinsa, in abin ya taso zai ji. Duk maganganun da yake zagin mutane a kansu ranar Alhamis, babu wadda bai faɗa wa kansa ba. In matarsa Zulaihatu ta tambaye shi, sai ya ce a ofis yake sha. Kwalayen kuwa suna can cikin durowar teburinsa, ko ɓare su ba a yi ba. Haka aka shekara biyu.

Ranar wata Talata cikin bazara, yana rubuta wa wata tsohuwa daga Mandera magani, biro ya suɓuce daga hannunsa. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Abu na farko da ya yi shi ne duban agogon bango. Ƙarfe goma da minti arba'in. Ya san abin da ya same shi tun kafin ya zame daga kujera, ya kuma san akwai wata allura da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, in an yi ta cikin awa huɗu da rabi, bayan an ɗauki hoton kai. Ya buɗe baki zai gaya wa Sha'aibu, babban nas ɗin da suka daɗe tare, sai ya ji wani gurnani ya fito maimakon magana.

Motar asibitin ta yi wata biyar a kan duwatsu babu taya. Motar wani ɗan kasuwa da ya kawo matarsa awo aka roƙa. Suka bi ta Boɗinga suka ɗauki Zulaihatu a bakin titi, ko mayafin kirki ba ta tsaya nema ba. Asibitin farko da suka je a birni, aka ce na'urar hoton ta lalace tun kafin azumi. Na biyu suna da na'ura, amma babu wuta, mai kula da janareta kuma ya fita. Duk wannan Mainasara yana kwance idonsa biyu, hankalinsa garau, yana jin kowace kalma, yana lissafin lokaci a zuci. Ya ji kiran sallar azahar. Ya ji na la'asar. Sai bayan ƙarfe biyar aka tura shi cikin na'urar. Wani matashin likita, wanda bai san majinyacin na fahimtar Turanci ba, ya ce wa abokin aikinsa ai ko da sun zo da wuri ma, shi bai taɓa ganin allurar nan da idonsa ba.

Ya yi mako uku a asibiti, aka sallamo shi ya koma gidansa na Boɗinga. Mutumin da ke tsawata wa gari guda, ga shi sai an juya shi a gado. Zulaihatu ke kai shi bayi, ita ke masa alwala, ita ke goge miyan da ke zubo masa ta gefen baki. Kalmomi sun watse masa. Yana ganin kofi, ya san kofi ne, in ya buɗe baki sai ya ce takalmi. Ranar da ya fara cin tuwo da kansa, da hannun hagu ya ci, hannun da aka doke shi a kansa tun yana yaro. Daga ranar ya hana a kawo masa abinci in akwai baƙo a ɗakin.

Baƙi kuwa ba su yanke ba. Wani ya zo da rubutu a gora, wani da turaren hayaƙi, wani ya matso ya rage murya ya ce a bincika, don irin wannan faɗuwar ta rana tsaka ba ta rasa hannun maƙiya. Da can da korar su zai yi. Yanzu sai dai ya bi su da ido.

Da taimakon mai motsa gaɓɓai da ke zuwa sau biyu a mako, ƙafa ta fara dawowa. A wata na uku ya taka daga gado zuwa ƙofa. A wata na biyar yana zuwa masallacin unguwa da sanda, yana jan ƙafar dama, ya yi salla a zaune a ƙarshen sahu. Magana ma ta dawo, a hankali, kamar mai tsinto kalmomin ɗaya-ɗaya daga ƙasa. Hannun dama ne ya ƙi. Yatsun suka lanƙwashe suka dunƙule a kan cinyarsa. Mai motsa gaɓɓan yakan ce a yi haƙuri, ana samun ci gaba. Mainasara ya sha faɗa wa mutane wannan maganar, ya san ma'anarta.

Khalid bai yar da shi ba. Kusan kullum sai ya turo masa labarin likitanci ta waya. Yau ga asibitin da ake zura siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin kai a jawo gudan jinin, mutum ya tashi washegari yana waya da iyalinsa. Gobe ga safar hannu mai lantarki da ke koya wa yatsu motsi. Mainasara yana karanta su duka, har ƙarshe, da babban yatsan hagu. Likitan da ke cikinsa yana jinjina wa aikin, don abin gwanin kyau ne. Amma in ya ajiye wayar sai ya ji ɗaci a ransa. Labari yana isowa Boɗinga cikin ƙiftawar ido, maganin da ake labarin kuwa ya san ko jikokinsa ba lallai su gan shi a nan ba. Ya ga da ma bai sani ba. Tsohon da ke cewa iska ce ta buge shi ya fi shi kwanciyar hankali, don shi bai san akwai wata awa huɗu da rabi da aka ɓatar masa a hanya ba.

Wata rana Khalid ya kira, suka taɓa hira, sai ya ce, "Wallahi Mainasara, da a nan abin nan ya same ka, da yanzu kana ɗakin tiyata kana aiki."

Mainasara ya daɗe yana haɗa amsar. "Na sani," ya ce. "Ka daina... turo min."

Cikin masu zuwa duba shi akwai Ɗanbaba, tela a kasuwar Boɗinga, wanda ya shekara goma sha biyar yana masa ɗinki. Ɗanbaba na cikin mutum bakwai ɗin farko na ranar Alhamis. Bai taɓa tsallake wata ba, har Likita kan sa shi ya miƙe a gaban jama'a a matsayin abin koyi. Shi ne ya lura Likita na fama da maɓalli, ya kwashe rigunansa ya mayar da su masu faɗin hannu da buɗaɗɗen wuya, yadda mai hannu ɗaya zai iya zurawa. Ranar da ya kawo su, bayan an gwada an ga sun yi, ya zauna a bakin tabarma yana murza hularsa.

"Likita, in tambaye ka wani abu, kak ka ji haushi."

Mainasara ya ɗaga kai.

"Kai ma shan ƙwayag ga kaka yi kullum, amma ciwon ga yab buge ka?"

Zulaihatu tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon fura. Mainasara ya dube ta, ya dubi Ɗanbaba. Kalma ɗaya ake nema, kuma a lokacin bakinsa na iya furta ta. Sai ya gyaɗa kai.

"Ikon Allah," in ji Ɗanbaba. Ya sha fura, ya yi addu'a, ya tafi.

Ba a jima ba Sha'aibu ya zo da labarin asibiti. Ya ce ranar Alhamis yanzu in an samu mutum goma sha biyar an gode Allah. Maganar da ke yawo a kasuwanni ita ce in da ƙwayar na aiki, ai da mai ba da ita bai faɗi ba. Ya ce masu tallar maganin gargajiya da lasifika har da sunan Likita suke kafa hujja. Sha'aibu shi ya kwashe kayan ofishin, ya ga abin da ke cikin durowa, amma bai ce komai a kai ba. Ya dai tsaya yana duban Likita ɗan lokaci kafin ya yi sallama.

Mainasara ya san abin da ya kamata ya yi. Ya ce sai bakinsa ya ƙara warwarewa. Ya ce sai bayan Sallah. Mako bakwai yana ɗagawa. A na takwas, wata ranar kasuwa da hantsi, Ɗanbaba ya kife a kan kekensa na ɗinki. Kwana biyu ya yi bai farfaɗo ba, ya cika. Shekararsa hamsin da biyu. Matarsa ta ce tun ranar da ya kai wa Likita riguna bai sake shan ƙwayar ba, wani garin magani yake kaɗawa a kunu.

Ranar sadakar uku, Mainasara ya sa ɗaya daga cikin rigunan nan, ya ja ƙafa har ƙofar gidan mamacin. An yi addu'a an shafa, mutane na shirin tashi, sai ya dogara sanda ya miƙe. 

"Jama'a," ya ce. "Ni... ban sha ba. Magani. Shekara biyu ban sha ba. Shi as sa nif faɗi." Ya tsaya ya goge baki. "Ɗanbaba ya tambaye ni. Nic ce ina sha. Ƙarya niy yi mai. Ku koma... ku sha maganinku."

Ya yi zaton za a zage shi, ya ma shirya wa hakan. Babu wanda ya zage shi. Yayan mamacin ya taso ya kama kafaɗarsa ya zaunar da shi, ya ce, "Haba Likita, kwana na yaƙ ƙare. Kak ka ɗora ma kanka abin da ba naka ba." Liman ya ƙara fatiha, aka watse. Kafin magariba magana ta rabu biyu a gari. Wasu suka ce ciwon ya taɓa masa kai, Allah sarki. Wasu suka ce ƙarya ya yi wa kansa don ya rufa wa maganin asibiti asiri. Kaɗan ne suka ɗauki maganar yadda ya faɗe ta, cikinsu kuma akwai waɗanda suka ce mutumin da ya shekara biyu yana musu faɗa a kan abin da shi ba ya yi, me zai sa su sake sauraronsa?

Zulaihatu a cikin gidan makokin ta ji, a bakin mata. Da ya dawo ya tarar da ita zaune a tsakar gida, ba ta ko cire mayafi ba.

"Shekara biyu ina tambayarka, kana ce min ohis kaka sha," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Ni ka ɗaukar ka, ni ka wanke ka, ina kuka ina cewa jarrabawa ta daga Allah. Ashe da hannunka ciki. Kuma sai ga bakin matan unguwa za ni ji?"

Ya ce ta yafe masa. Ta ce ta ji. Ba ta fasa masa komai ba, abincinsa da wankinsa da ruwan alwalarsa duk suna nan kan lokaci. Sai dai tun daga ranar, kowace safiya ita ke ɓare ƙwayar ta sa masa a tafin hannu, ta tsaya a kansa har ya haɗiye, sannan ta ce ya buɗe baki ta gani. Yana buɗewa.

Da ya cika shekara da kwanciya, ya rubuta takarda yana neman a bar shi ya koma aiki, ko duba majinyata kawai ya riƙa yi ba tiyata. Amsar da ta zo ita ce ta ritaya bisa dalilin rashin lafiya, layi huɗu, an ma rubuta sunansa ba daidai ba. An turo wani matashin likita mai hidimar ƙasa ya maye gurbinsa, ya yi watanninsa ya tafi. Tun daga nan Sha'aibu ke riƙe da asibitin, abin da ya fi ƙarfinsa ya ce a wuce birni.

Yanzu shekara uku ke nan. In ka bi ta unguwarsu da safe za ka gan shi a zaure, a kan kujerar roba, da na'urar awon jini mai batir a kan ɗan tebur, irin wadda mai hannu ɗaya ke iya ɗaurawa. Ba ya karɓar komai. Wata rana mutum huɗu su zo, wata rana babu kowa. Ya daina faɗa. In ya ga jinin mutum ya hau, sai ya ɗaga dunƙulallen hannunsa da na hagu ya ajiye a kan tebur, ya bar mutumin ya kalla.

Kwanan baya wani dillalin albasa mai suna Maniru ya shigo, wai kansa ke sarawa. Aka auna, jinin ya yi mummunan hawa. Mainasara ya ɗauki biro da hagu, ya daɗe yana zana sunan magani harafi-harafi, ya ce ya je kemis yanzu-yanzu, kar ya biya ko'ina. Bayan rabin awa Maniru ya dawo da takardar a hannu, yana sosa ƙeya.

"Ranka shi daɗe, mai kemis ya ce ba ya ba da magani da wagga takarda. Wai rubutun yara na, in koma in samo ta likita."

Mainasara ya karɓi takardar ya duba. Bai ga laifin mai kemis ba. Ya ƙwala wa Zulaihatu kira, ta zo ta tsaya daga bayan labule, yana faɗa mata haruffan tana rubutawa a sabuwar takarda, ya lalubo tsohon hatiminsa ya buga a ƙasa. Ya ce wa Maniru ya fara sha yau, ya dawo bayan mako biyu a sake aunawa.

Maniru ya yi godiya, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce yanzu dai ana jiran sa a tasha za a loda mota zuwa kudu, in ya dawo zai biya kemis ɗin. Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Yau wata biyu ke nan, bai dawo ba.